Wasan Jika da Turancin Koyo

Assalamu alaikum, 'yata Rabi. Ya gida, ya aiki, ya sanyin Kanada? Ya maigidanki da jikana Hamza? Mu nan Moshi Zongo lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan da kika sani.

Ban gaya miki ba, wata huɗu ke nan ina zuwa ajin Turanci na manya a unguwar Changli kowace Asabar, don in riƙa hira da Hamza. Ƙananan kalmomin nan ne suka fi ba ni wuya. Ticha ta ce "look for" nema ne, "look after" kuma kulawa. Da an canza ɗan guntun nan, magana ta juye. Haka nake ta bita ina tsince wake, ni kaɗai a tsakar gida.

Ranar Lahadi da muka yi kiran bidiyo, kika miƙa wa Hamza waya kika shiga kicin, na yi masa wasan kaka da jika da Turancin da na haddace. Na ce, "Maigidana, ka tafi ka bar ni, wa zai kula da ni?" Ticha ma ta duba min, babu kuskure ko ɗaya. Yaron ya ɓata rai, ya ce shi ba mijina ba ne, ya ajiye wayar. Na daɗe ina kallon silin ɗinku.

Ban yi fushi ba, ai ba wanda ya taɓa gaya masa. Ke ki gaya masa, Rabi, wannan ba a koyar da shi a aji.

Ki gaida maigidanki, ku sa ni a addu'a. Ki gaida min angon nawa, ko da bai amsa ba.

Mahaifiyarki.