Maigidana Ya Mayar Da Teburina Taswirar Gari

Gwaggo mai shawara,

"Ki ara mini teburin nan na mako ɗaya tak. Asabar mai zuwa za ki same shi fes, har da fure a kai." Maganar maigidana ce wannan, da bakinsa ya faɗe ta, hannunsa dafe da ƙirji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban ga fure ba, ban ga tebur ba. Ki taimake ni, Gwaggo, kafin in aikata abin da jikokina za su riƙa ba jikokinsu labari.

Ni malamar adabi ce, na daɗe ina koyarwa. Ni da wasu ƙawayena muka buɗe wurin tara abinci don raba wa mabuƙata, a wani tsohon sito bayan kasuwa. Rumbu muke kiransa. 'Yan kasuwa su kawo kayan miyan da suka rage, masu gidan burodi su kawo burodi, masu hali su aiko da shinkafa da wake da mai. Zuciya muna da ita, tsari ne babu. Tumatir ya ruɓe a kwando muna kallo, alhali jiya mun sallami mutane hannu wofi. Wata rana layi har bakin titi, wata rana mu wuni muna korar ƙuda. Duk wanda ya karɓi kaya muna cike masa kati: unguwarsu, bakin da yake ciyarwa, abin da ya ɗauka. Katunan suka cika kwalaye, ɓera kaɗai ke karanta su.

Maigidana kuwa a ofishin ƙididdiga ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma ritayar ba ta karɓe shi ba. Mutumin da ke fita da sassafe yana ƙamshi ya koma zama da singileti a ƙofar ɗaki, yana ba shukar cikin tukunya ruwa har ta mutu da ƙoshi. Sai na kwaso kwalayen nan na dire a gabansa, na ce ga abin yi, ko Allah zai sa ka ga abin da mu ba mu gani ba. Ranar ce ya yi mini alƙawarin da na faɗa miki.

Zan yi masa adalci, don ni ba azzaluma ba ce, fusatacciya ce kawai. Ya shigar da katunan duka a kwamfuta, ya tace, ya kwatanta, sai ga abubuwa suna fitowa. Ashe kayan miya da burodi farkon mako suke zuwa mana, mu kuma sai ƙarshen mako muke rabo, shi ya sa muke ciyar da bola. Muka matso da ranar rabo, ruɓa ta tsaya. Ashe mutanen ƙetaren gada ɓacewa suke yi daga katunanmu duk lokacin ruwa. Mu da muna cewa sun samu sauƙi ne, ashe hanya ce ke cika. Yanzu mota ke kai musu. Ya nuna mana layi yana tsawo a makon ƙarshe na wata, ya kuma ninka idan aka yi hutun makaranta, don yaran da ke cin na rana a makaranta sun dawo kan tukunyar gida. Yanzu tun kafin hutu muke tanadi.

Akwai wanda ya fi burge ni. Ya lura masu zaman ɗaki ɗaya na haya ba sa ɗaukar wake, ko an ba su sai su bar shi a bakin ƙofa. Ya juya alƙaluman sama da ƙasa bai gano dalili ba. Ni na saka takalmina na je na tambaya. Wata mai wanki da guga ta kalle ni ta ce, "Malama, ki ba ni waken, ki haɗa mini da wutar da zan dafa shi." Tun daga ranar abin da ke nuna da wuri muke ba su, waken ya tafi gidajen da ke da murhu a tsakar gida. Da na dawo da amsar, sai da mutumin nan ya tashi ya taka rawa a falo, da furfurarsa da komai.

To ina laifin? Ga shi nan. Takarda ta yi masa kaɗan, allon kwamfuta kuma ya ce direbobi ba sa gane shi. Na dawo daga makaranta wata rana na tarar ya zana garin nan kaf a kan farin ƙyallen teburina, da alƙalami mai kaurin baki wanda ba ya fita. Tituna, gada, kasuwa, makabarta. Sannan ya bi ya caccaka fil masu kai kala-kala: ja ga gidajen da ke da ƙananan yara, shuɗi ga tsofaffin da ba sa iya zuwa, kore ga masu ba mu kaya. Fil ɗin sun huda ƙyalle sun shige katako, ba a iya ɗaga ƙyallen ba tare da teburin ba. Gwaggo, da albashina na farko na sayi teburin nan. A kansa 'ya'yana suka koyi rubutu, a kansa na karanta duk littafin da na mallaka. Yau inda nake ajiye butar shayi, nan ne unguwar bayan asibiti.

Kullum da safe falona tasha ce. Dogo direba da abokan aikinsa su shigo su kewaye tebur kamar masu shirin yaƙi. Suna kiran maigidana Baban Lissafi, shi kuma yana washe baki. Dogo har cewa yake, "Mama, a ɗan matsa da kofin nan, kin tare mana hanyar gada." A gidana! Na taɓa ajiye faranti a gefe, romo ya ɗiga, maigidana ya dafe kai ya ce na yi ambaliya a unguwar masaƙa.

Abin bai tsaya nan ba, cutar ta shigo kicin. Ya manna wani zane mai hawa da sauka a jikin firij, wai yana nuna ranakun da nake dafa abin da ya fi ƙarfinmu. Na yi shekara da shekaru ina ciyar da mutumin nan bai taɓa sanin inda ludayi yake kwana ba, yau shi ne mai binciken tukunyata. Abin haushin, zanen gaskiya ya faɗa. Har yanzu ina dafa na gida cike da yara, alhali duk sun tashi.

Ga yadda muke ci yanzu: ni a tsaye a kicin, jingine da kantar girki, shi kuma da faranti a cinya, idonsa a kan fil. Mun hana unguwanni kwana da yunwa, amma rabon da mu zauna mu ci tare har na manta. Na karanta labaran mata da yawa da aka ƙwace wa miji, ban taɓa cin karo da wadda taswira ta ƙwace wa ba.

Kada ki ce ba na murna. Ina yi, har ƙwalla nake yi wani lokaci. Layi ya gajarta, mata ba sa asarar wunin aiki wajen jira, tsofaffi kaya na iske su har ɗaki. Kuma mijina ya dawo da rai, yana aske gemu, yana fito a banɗaki. Ba na so in kashe wannan. Amma na yi magana da laushi, na yi da gatse, na yi da shiru, kullum amsar ɗaya ce: Asabar mai zuwa.

To na yanke hukunci. Ranar Juma'ar ƙarshen watan nan za a ba da hutu, 'yata za ta kawo mini jikokina. Ba za su ci abinci a tsaye a gidan kakarsu ba. Na ba shi zuwa Alhamis. Idan rana ta faɗi teburina bai dawo ba, zan zare fil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya in zuba a gwangwanin madara, in jiƙa ƙyallen a bokiti, in shimfiɗa sabo, in sa furen da kaina. Ki faɗa mini, na yi daidai ko na yi daidai?

Taki,
Mai Ci A Tsaye

*

Mai Ci A Tsaye, 'yar'uwata,

Kin ba ni zaɓi biyu masu kama ɗaya, to zan ɗauki na uku.

Kina da gaskiya, kuma ba ƙarama ba. Alƙawari alƙawari ne, ko da na tebur ne. Aikin alheri ba ya ba mutum lasisin mamaye falon matarsa, kuma gidan da ba a zama a ci tare a hankali yake sanyi, ba a ankara. Wa'adinki ya yi, kada ki ɗaga shi ko da yini guda. Mai cewa Asabar mai zuwa ba ya motsi sai ya ga Alhamis ta tsaya masa a ƙofa.

Amma ki ajiye gwangwanin madarar nan. Ki sake karanta wasiƙarki: da hannunki kika rubuta cewa layi yana ninkawa idan aka yi hutu. Daren da kika zaɓa ki zare fil, shi ne jajibirin lokacin da aka fi buƙatarsu. Ba Baban Lissafi za ki hukunta ba, shi yana da kwamfutarsa. Dogo ne zai fita bai san inda zai nufa ba, tsohuwar da ke ƙarƙashin shuɗin fil kuma ta wuni tana kallon ƙofa. Na san ba za ki iya haɗiye loma a kan teburin da aka samu ta haka ba.

Ga abin da za ki yi ranar Alhamis. Ki sa a ɗauki hoton taswirar ta kowane gefe. Sannan ki kira Dogo da mutanensa, su ɗauki teburin yadda yake, da ƙyallensa da fil ɗinsa, su ɗora a mota a hankali su kai Rumbu. Can ne wurinsa tun farko. Aikin da ke ciyar da unguwanni bai kamata ya rataya a falon gida ɗaya da kan mutum ɗaya ba. Idan maigida ya kwanta zazzaɓi fa? Ya zaɓi biyu daga cikin ƙawayenki ya koya musu shigar da katuna da karanta abin da suka nuna, har su iya ba tare da shi ba. Malami ne zai zama, kuma za ki ga ya fi jin daɗin wannan.

Aro ne, ba kyauta ba. Da hutu ya ƙare aiki ya lafa, kafinta ya kafa babban allo a bangon Rumbu, maigida ya kwafe garinsa a kai, teburinki ya dawo gida. Zai dawo da huji-huji. Kada ki sa a toshe su. Da wuya a samu tebur a garin da ya ciyar da mutane kamar naki.

Jikoki fa? Ki shimfiɗa babbar tabarma a inda teburin ya tashi. Yara sun fi son haka. Kakansu kuma ya sauko ya zauna tare da su, safe da rana da yamma, babu biro, babu waya. Ƙarar da gwiwoyinsa za su yi wajen tashi ta ishe ki diyya.

Zanen jikin firij ki cire shi yau. Ki gaya masa ikon ƙididdiga ya ƙare a ƙofar kicin. Idan kina so ki rage awon shinkafa, ki rage a ɓoye, ba sai ya sani ba.

Saura abu ɗaya. Kin ce kin yi da laushi, kin yi da gatse, kin yi da shiru. Duk a kan tebur kika yi. Ban ga inda kika ce masa kina kewar zama da shi ba. Kin gaya mini, kin gaya wa duk mai karanta shafin nan, shi kaɗai ne bai ji ba. Ki tuna maganar wake: alƙaluma sun nuna masa akwai matsala, amma sai da aka buɗe baki aka faɗa masa dalili. Mutumin da ya hango mutanen ƙetaren gada daga cikin kwali zai gane matarsa, in dai ta faɗa masa a fili. Ki faɗa kafin Alhamis, don ya kama ƙafar teburin da hannunsa a ɗora shi a mota.

Furen kuma yana nan a kansa, ban yafe masa ba. Ya kawo shi ranar Juma'a, a ajiye a tsakiyar tabarma.

Allah Ya ƙara wa Rumbu albarka, Ya kawo jikoki lafiya, Ya bar ku tare. Ki ja hannun mijinki, ki zuba abinci, ki ci a zaune.

Gwaggonku