Bindigata da Zabin Oom Gawie

Asabar, 4 ga Fabrairu

Yau na ciro ɗan maraƙi daga cikin saniyar Oom Gawie, hannuna har kafaɗa, awa biyu cur. Ya rayu. Tsohon ya ji daɗi har bakinsa ya suɓuce, ya ce, "Dokta, bana ki zo mana harbin zabi a watan Yuni." Ɗansa Dewald yana jingine da a-kori-kura, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai gidansu sun saba zuwa. Sai dai ta gaban bindiga suke shigowa."

Ntate yake nufi, wato babana. Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya cikin masu kora a gonar nan. Su shiga masara da sanduna suna ihu, zabi su tashi, baƙi su harba ta saman kansu.

Na wanke hannu a bokiti na ce, "Zan zo, Oom. Da tawa bindigar."

Ba ni da bindiga, in ka cire ta allurar kwantar da dabbobi. Ban taɓa harbin abin da ke tashi sama ba. Oho dai.

Talata, 7 ga Fabrairu

Bloemfontein, shagon bindigogi. Mai shagon Fanie ne sunansa, ga tumbi ga surutu. Na ce ina son mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda za ta yi min zabi da fakara, ta kuma yi min faifan yumɓun da ake cillawa sama a harba a kulob. Ko gama magana ban yi ba ya ɗauko wata siririya, lamba ashirin. "Mata suna son wannan, Mme, ba ta shuri."

Mata.

Na nuna wata a bango, lamba sha biyu, baki inci talatin da biyu, irin ta Dewald sak. Ya ce wannan ta tsayuwa ce wuri ɗaya a fasa yumɓu, ta kusa kilo huɗu, ba ta yawon gona ba ce. Na ce ni ina kayar da bijimi. Ya sosa ƙeya, ya ce lasisi da lambar da aka buga a jikin bindiga ake ɗaura shi, in na zaɓa na zaɓa, kafin a canza Yuni ya wuce. Zai riƙa kawo su biyun kulob ɗin Senekal ranar Asabar in gwada. Ya kawo goma ma. Na riga na zaɓa.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Faifai ashirin da biyar. Na fasa uku. Ɗaya daga ciki ina jin iska ce ta fasa shi.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Kafaɗa ta yi tsami, littafin waƙa ma da hannun hagu na riƙe a coci.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Biyar. Kumatuna na dama ya kumbura saboda shurin bindigar. Fanie ya ajiye ƙaramar a kan tebur kusa da kofina, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Wasu maza biyu a baya suna ƙasa-ƙasa da murya. Ban ji me suke cewa ba, ba sai na ji ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Na kai wa Ntate abincin rana. Ya ɗaga ido daga tuwon masara ya ga fuskata, ya ajiye cokali. "Puseletso, wa ya taɓa ki?" Har yana laluben sandarsa, mutum mai shekara saba'in da huɗu.

Na ba shi labari duka, har abin da Dewald ya ce. Na zaci zai yi murna. Ya daɗe yana tauna, sai ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce saboda shi nake yi.

"Ni na kawo miki ƙara?"

Na kwashe kwanona na fito. Shekara talatin da ɗaya ana harbi ta saman kansa, a ba shi zabuwa ɗaya da yamma ya yi godiya da hannu biyu. In shi bai ji haushi ba, ni na ji masa.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Ntate ya zo kulob. Ban gayyace shi ba, motar haya ya hau, da kwat ɗinsa ta coci da hula. Ya zauna a benci ya harɗe hannu kan sanda. Na fasa huɗu, don idonsa yana kaina.

Na ɗauko shi a mota, muka wuce rumbunan hatsi. Sannan ya fara. Wai ina ɗaga kai kafin in ja kunama. Wai in na kai harbi na goma sha biyar hannuna na hagu yana sauka. Na ce yaushe ya zama malamin harbi, shi da bai taɓa riƙe bindiga ba. Na san bai kamata ba. Na faɗa dai.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ni ta gaba na san bindiga, 'yata. Daga cikin masara baki kawai kake gani. Da safe duk a sama suke. In rana ta yi, wanda tasa ta fi ƙarfinsa sai ka ga bakin yana yin ƙasa. Ƙasa kuwa mu ne."

Ya kama yatsana ya ɗora a gefen wuyansa. Wani ɗan abu mai tauri a ƙarƙashin fata, kamar ƙwayar dawa. Tun ina yarinya na san shi, na ɗauka tsiro ne. Harsashin wani baƙo ne daga birni, ya ce, shekarar da aka haife ni. Babbar bindiga, ƙaramin mutum.

Ni likita ce. Shekara arba'in da shida ban tambaya ba.

Laraba, 1 ga Maris

Na auna wani ƙarfen shinge, kilo huɗu, na ɗauke shi a hannu biyu na zaga bayan asibitin dabbobi. Don in nuna wa kaina tsohon bai san ƙarfina ba. Minti hamsin hannuna ya fara sauka. Awa ɗaya da rabi na jefar da shi a ciyawa na zage shi da yare uku.

Ba zan gaya wa kowa ba.

Asabar, 4 ga Maris

Na ce wa Fanie ya miƙo min lamba ashirin ɗin, in ga abin da ake ta yayatawa. Ya miƙo yana kallon sama kamar mai duba hadari. Ta hau kafaɗa da kanta. Ƙotar ta yi min tsawo, ya ce zai rage yatsa ɗaya. Sha ɗaya cikin ashirin da biyar, kuma kumatuna lafiya.

Na zaɓa. Amma ba wadda ya fara nuna min ba ce, 'yar'uwarta ce, bakinta ya fi tsawo da inci biyu, ta fi natsuwa a kan yumɓu. A rubuta wannan. Ba shi ya zaɓar min ba, ba Ntate ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Takardun lasisi sun shiga ofishin 'yan sanda. Sai jira.

Talata, 18 ga Afrilu

Na haɗu da Dewald a kantin manoma, ina sayen maganin kaska. "Dokta, an ce kin sayi bindigar wasan yara? Ki zo da gishiri ki barbaɗa musu a wutsiya, ya fi sauƙi." Na ce ya fara koyon gane saniya mai naƙuda tukuna, kafin ya kira ni cikin kuka. Matar da ke karɓar kuɗi ta ƙware da dariya.

Na ji daɗi har gida. A kulob ina kan sha huɗu, da aron wata irin tawa.

Juma'a, 26 ga Mayu

Lasisi ya fito. Na ɗauko bindigata. Na buɗe, na rufe, na buɗe, na rufe, sau nawa ban sani ba. Ƙarar rufewarta tana da daɗi.

Asabar, 10 ga Yuni

Sanyi har cikin haƙori, raɓa ta daskare fari fat a kan karan masara. Maharba goma sha biyu, ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce baƙar fata. Kofi da busasshen burodi a bayan mota. Oom Gawie ya gabatar da ni, "Wannan ce ke raya min shanu." Aka ba ni ƙarshen layi, kusa da shinge.

Sai na hango hular. Ntate a cikin masu kora, da sandarsa, yana raha da tsofaffin abokansa. Na ruga na ce me yake yi nan, ya koma mota yanzu-yanzu. Ya ce, "Ke kika haife ni? Ina so in ga bindigar 'yata daga inda na iya gani." Ya shige masara ya bar ni tsaye.

Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba. Kora ta farko zabi suka taso kamar an watsa tsakuwa, na harba biyu, ko gashi. Ta biyu, wani ƙaton zabo ya taho min kai tsaye, ƙasa-ƙasa, daidai saman karan, ina jin ihun masu kora a bayansa. Na ɗaga baki sama na bar shi ya wuce ta gefen kunnena. Dewald ya ƙwala daga can, "Dokta, barci kike?" Idona na kan hular Ntate.

Rana ta take, mun taka gona huɗu. Hannuna bai sauka ba. A kora ta biyar wata ta yanko daga dama, can sama, ita kaɗai. Ban yi tunani ba. Na bi ta, na wuce ta, na ja. Ta naɗe ta faɗo bayan shinge, tim.

Ɗaya tak, duk yini. Dewald tara.

Ntate ne ya fito da ita daga ciyawa, yana haki, ganyen masara a kafaɗar kwat. Ya miƙo min da hannu ɗaya ya ce, "Kin ɗaga kai a na farkon." Shi ke nan yabon. Amma na ji shi daga baya yana gaya wa abokansa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa a layin nan kaf baki ɗaya ne bai sa shi sunkuyawa ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Mun dafa zabuwar a tukunyar ƙarfe, awa uku. Ntate ya ce ta yi tauri, ya ƙara.

Sai yau na tuna ban duba ko Dewald ya ga faɗuwarta ba. Wata huɗu ina shirya fuskar da zan yi masa. Jiya da ya zo wajen gashin nama ya ce in ba shi bindigar ya ji nauyinta, na ba shi. Ya ce ba laifi. Ba wai mun shirya ba, kada wani ya ɗauka haka.

Abin da ke damuna biyun farkon nan ne. A bayansu na harba, na tabbata. Na kira Fanie na ce ya ajiye min wuri ran Asabar, zagaye biyu.

Ɗazu na kama kaina a tsakar gida ina bin kurciya da sandar tsintsiya, daga itacen lemo har ta ɓace bayan rufi. Babu mai kallo.