Kunnen Katin Madam Castellano

Litinin, 6 ga Maris
Las Vegas kuma, baje kolin manhaja. Safa ɗari biyar masu tambarin kamfani muka kawo, kafin tsakar rana an wawashe rabi. Manyan ma'aikata, amma su ga kyauta jikinsu har rawa yake.

Babbar kyautar bana kwamfutar cinya ce. Kowa ya jefa katinsa mai suna da lambar waya a kwanon gilashi, ranar Alhamis a zaro ɗaya. Wai sa'a. Oga Trent ya riga ya zaɓa: Madam Castellano ta banki, wadda muke zawarcin kwangilarta. Na lanƙwasa kunnen katinta yadda yatsa zai gane shi, kamar kullum.

Talata, 7 ga Maris
Orville Pruitt ya zo. Shi ya rubuta manhajar kamfaninmu tun ofis yana gareji, shi ya ɗauke ni aiki, aka sallame shi a Nuwamba. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Tsohon katinsa na kamfaninmu ya kawo, ya soke sunan kamfanin da biro.

"Marnie, 'yata, kwamfutata ta mutu. A laburare nake neman aiki, awa ɗaya suke ba mutum."

Ya jefa katin, ya tsaya yana kallona. Shi ya koya mini lanƙwasa kunne, ai na san abin da yake roƙo. Na miƙa masa safa. Haushi ma ya ba ni, ya tare mini gaban rumfa.

Laraba, 8 ga Maris
Trent ya sha dariya. "Tsohon nan bai mutu ba? Kira shi ya zaro mana katin gobe, mu ɗauki hoto. Uban manhaja! Mutane suna son irin wannan."

Ni na kira shi. Ya ɗauka albishir ne cewa katinsa na lanƙwasa, har godiya ya yi mini. Ban gyara masa ba, ina ruwana.

Alhamis, 9 ga Maris
Orville ya sha aski, ya ɗaura taye. Ya sa hannu a kwanon, ina kallon yatsunsa har suka tsaya a kan lanƙwasa. Ya yi murmushi kafin ya duba. Da ya duba kuwa, sai da Trent ya zungure shi kafin ya karanta sunan.

Madam ta ce, "Kai, wata kuma? Sai in ba jikata ta yi wasa."

Aka tafa. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Da Orville zai tafi ya raɓo kusa da ni. "Kin lanƙwasa da yawa, 'yata. Kaɗan na koya miki, kada a gane."

Ya manta safarsa a kan tebur.

Juma'a, 10 ga Maris
Madam ta sa hannu a kwangilar. Trent ya ce ni ce gwanar kamfani. Na ci nama mai tsada, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Lahadi, 12 ga Maris
Na juye kwanon a shara. Katin Orville dai yana jakata, ban san ya aka yi ba. Na kira lambar, don maganar safar kawai. An yanke layin.

Yanzu na lura ina ta lanƙwasa kunnensa. Kaɗan.