Goran Kaka

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na iso garinmu Lasa da la'asar. Ƙunar hannun Inna ta fi yadda aka faɗa mini a waya. Tafasasshen burukutu ne ya kwaro mata, daga gwiwar hannu har yatsu. Ga bikin makokin Kaka ranar Asabar ta sama. Inna ce matar babban ɗa, don haka burukutun da za a fara zuba wa Kaka a ƙasa dole daga tukunyarta ya fito. Ta ce ni ne hannunta yanzu. To.

Na leƙa rumfar dahuwa. Da ma ban leƙa ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ƙoren sha duk a kwano ɗaya ake ɗauraye su, ruwan har ya koma kalar kunu. Matacin ya bushe da dusa, na ɗaga shi sai ga tsutsa fari fat. Da idona na ga alade ya lashi ludayi, Gwaggo Piyalo, ƙanwar Baba, ta karɓe ta goge a zaninta ta mayar.

A otal ɗin da nake wanke-wanke a Lome, shugaban kicin yatsa yake gogawa a faranti, in bai ji ƙara ba a sake. Na faɗa wa Gwaggo. Ta yi tsaki ta ce, "Sannu ɗan otal. Da wannan ludayin aka yaye ubanka, ga shi can da tumbi."

Na wuce kanti. Na sayo soso, sabulu, da jabel, ruwan nan mai warin asibiti.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Wanki. Toka da yashi, sannan ruwan zafi, sannan jabel, sannan rana. Yatsuna sun yi yaushi kamar na tsohuwa. Ƙudaje sun zo sun zagaya sun tafi da haushi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Yau na gamu da sarkin ƙazanta. Wani gora ne rataye a azara, baƙi ƙirin, duk jikinsa huji-huji. Cikinsa wani abu ya daskare toka-toka, kauri kamar yatsa. Warin kuwa, hammata da tsohon takalmi da ruɓaɓɓen mangwaro. Sai da na fita na tofar da yawu.

Inna na barci, Gwaggo ta tafi kasuwa. Na kankare shi da cokali, na jiƙa a jabel, na tafasa. Ashe ma ruwan ƙasa ne kalarsa. Na ji daɗi, gaskiya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Inna ta ce mu yi ƙaramar tukunya tukuna don hannuna ya saba. Tsiron dawa ya niƙu, mun dafa jiya, ya kwana ya yi tsami, yau mun sake dafawa, ya huce. Sai ta ce, "Esodina, miƙo goran kakarka a tsoma."

Na miƙo.

Ta juya shi da hannun mai lafiya. Ta leƙa ciki. Ta shinshina. Ta daɗe.

Gwaggo ce ta yi ihun. Wai abin da na kankare shi ne iri, shi ke tayar da burukutu ya yi kumfa. Kaka ta zo da shi daga gidan uwarta ranar aurenta, kuma tun ranar ruwa bai taɓa shiga goran ba sai burukutu. "Mun binne uwarmu sau ɗaya, kai ka zo ka sake binne ta da cokali!"

Inna dai ta miƙo mini goran kawai. Gara ta mare ni.

Ni ina zan sani? Maza sha suke yi, ba a kiran su rumfa.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Tukunya shiru. Ba kumfa, ba motsi. Zaƙi kamar kunun yara.

Na ce a sayo yis na masu burodi mana. Inna ta ce, "Kakarka burodi za mu zuba mata?" In Baffa Abalo, ƙanen Baba, ya kurɓa ya ji baƙon ɗanɗano, zai ƙi zubawa, bikin ya tsaya, a ce irin gidan a hannun Mazalo ya mutu. Sunanta ta faɗa da bakinta, kamar tana jin yadda za a faɗe shi.

Roƙon iri a maƙwabta kuma ta ce a'a. Ba na Kaka ba ne.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na je kasuwa don in bar gidan. Ina bin layin masu burukutu, kowace rumfa da nata warin. Na isa ta ƙarshe sai warin ya buge ni. Hammata, takalmi, mangwaro. Shi ne. Hancina ba ya mantuwa, abin haushi.

Rumfar Iya Hodalo ce, wata tsohuwa mai haƙori biyu. Na tambaye ta ina ta samo irinta. Ta ce, "Kai jikan wa?" Na faɗa. Ta ce kakata ce ta ɗibar mata a ƙoƙo shekarar da mijinta ya mutu, don ta samu abin riƙe yara.

Na ba ta labari. Dariya har da hawaye, ta kira na kusa da ita ta maimaita musu. Na tsaya. Tsayuwa kaɗai na iya.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na kai wa Iya Hodalo goran. Ta nutsa shi a gindin randarta inda laka take, ta ce sai Alhamis. Ladanta kuwa in wanke mata kaya, "tunda Allah ya yi ka agwagwa."

Rumfarta ta fi tamu ƙazanta. Ba zan rubuta abin da na ciro daga matacinta ba.

Tana zaune tana nuna mini da sanda. "Wannan wanke. Wannan wanke. Wancan goran in ka taɓa shi in karya maka hannu, mijina ne."

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Na ɗauko goran. Ya yi yauƙi, yana ɗiga a ƙafata. Inna ta shinshina, ta juya baya tana gyara ɗankwali. Ta daɗe tana gyarawa.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Mun tsoma goran a babbar tukunyar biki da hantsi. Na zauna gaban tukunya kamar mai jinya. Wajen la'asar na ji wani ɗan sis-sis, sai ƙwayar kumfa ɗaya a gefe, sai wata. Kafin rana ta faɗi ta taso har baki. Na ƙwala wa Inna kira, muryar ma ba tawa ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Baffa Abalo ya kurɓa. Ya riƙe a baki, duk gidan an zuba masa ido. Ya haɗiye, ya durƙusa, ya zuba a ƙasa ya kira sunan Kaka. Ganga ta tashi.

Daga baya ya ɗaga ƙwaryar yana dubawa, wai wa ya sayo sababbi. Gwaggo ta ce, "Ɗan otal ne ya wanke." Ba ta yi tsaki ba wannan karon.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Wanke-wanken biki. Matar wani ɗan Baffa, baƙuwa ce daga kudu, ta tattaro kaya har da goran, ta nufi ruwan sabulu. Ban san lokacin da na tsallake kwano ba. Na fizge. Ta ce, "Yaya, ai ƙazanta ce." Na ce na sani.

Na mayar da shi azara, na ƙara masa igiya.

Warin yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Na leƙa cikinsa kafin in ci tuwo, don kyankyasai ne kawai. Lome kuma sai hannun Inna ya warke. Akwai dahuwa ranar Laraba, kuma su Gwaggo ba su iya wanke mataci ba.