Gishirin da Likita Ya Hana

Inna, ina gaisuwa. Ya jiki, ya su Yaya? Maƙwabciyata ke rubutawa, ni ina faɗa.

Mu lafiya lau. Jikanki na haƙori, ɗan zazzaɓi ne kawai, sai dai nan ba ni da wanda zan tambaya.

Yaya ta ce tunda aka ce hawan jini ne kika kulle kanki a ɗaki, har kina raba zannuwanki. Gabana ya faɗi, Inna. Gishirin miya fa likita ya ce ki rage, ba na hira ba. Ki koma wajen ƙawayenki, ki ba su labarin ciwon, ki zuba wa labarin gishiri son ranki. Zannuwan kuma ki karɓo, ba inda za ki.

Allah ya bar min ke.