Yau Baba Ya Yi Musu

Daren Laraba, damina, 2006. Azare.

Alhamdu lillahi, yau Baba ya yi magana!

Tun da muka dawo da shi daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki, sai dai ya bi mu da ido. Da la'asar aka kawo wuta, na sa masa sabon faifan da na sayo, na sojojin nan da dodo ke farauta a daji. Tun muna yara yake rantsuwa a Kwango aka yi fim ɗin, inda ya yi aikin soja.

Ashe a ƙarshen faifan an nuna inda aka ɗauke shi. Wai Meziko ce, kusa da teku. Ga jarumin zaune kan kujera, ana fesa masa ruwa a fuska don ya zama gumi. Ina fassara wa Inna, muna ta dariya.

Sai na ji murya a bayana, harshen da nauyi: "Ƙarya ne. Kwango ce."

Inna ta saki kwanon hannunta. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ga shi fa sun nuna."

Ya ce, "Kai ka je?"

Wallahi ban je ba. Hannun damansa har yanzu ba ya motsi, abin yana damuna. Amma bayan isha'i da bakinsa ya ce wa Inna kununta ya yi ruwa, ita kuwa tana hawaye tana ba shi haƙuri.