Busar Sallamar Waino Heikkila

Green Bay, 20 ga Janairu

Ƙanena Reino,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka mai ciwo. Ni dai ga ni a gidan 'yata Marlys. 'Yar nan ta mai da ni kamar ƙwai, ko kofi ba ta bari in dafa da kaina.

Sau uku ina kiranka a waya kana yi mini kunnen uwar shegu, shi ya sa na ɗauki biro. Masu maƙabarta sun ce ƙasa ba za ta haƙu ba sai ƙanƙara ta narke, don haka Waino zai ci gaba da kwanciya a ɗakin ajiyarsu har sha shida ga Mayu. Mijin nawa da ko layin gidan mai ba ya iya jira, ga shi zai jira wata huɗu.

Kafin ya cika ya sa na rubuta magana ɗaya a bayan ambulan. Ya ce, "Ranar da za ku binne ni, Reino ne zai busa begila da bakinsa. Ban yarda da na'ura ba." Ka san yadda yake tsiya ga 'yan sa-kan gundumar maƙwabta, masu cusa rediyo cikin ƙaho su danna maɓalli su kumbura kumatu. Shekara ashirin da biyu kuna tsayawa tare a kan kaburburan 'yan mazan jiya, yana naɗe tuta kana busar sallama. Ba abu mai wuya ya roƙa ba. Ka dai rubuto ka ce ka ji.

Ka gaida mutanen coci.

Yayarka,
Aili

*

2 ga Fabrairu

Yaya Aili,

Na gaishe ki, na gaida Marlys da mijinta. Wasiƙarki ta iso.

Ƙanƙara ta kai tagar kicin. Na hau rufin gidanki na kwashe sau biyu, kada ki damu da shi. Wayar kuma ba ƙin ɗauka nake ba, a aljihun rigar sanyi take kwana.

Tawagarmu ta koma mutum bakwai tun da Waino ya tafi. Ƙaramin cikinmu shekararsa saba'in da ɗaya. Makon jiya mun je wani kabari mai nisan mil sittin, bindiga ɗaya ta ƙi tashi don sanyi, safar hannun shugabanmu Duane ta manne a jikin ƙarfe. Yaran da suka dawo daga yaƙin hamada mun bi su gida-gida, kowa ya ce yana da aiki. Su ma wata rana za su so a tsaya musu.

Batun ranar sha shida, Duane Pelkie ne shugaba, shi ke tsara wanda zai yi me. Za a yi wa Waino duk abin da ya dace.

Ki huta lafiya.

Reino

*

17 ga Fabrairu

Zuwa ga Uwargida Aili Heikkila,

Gaisuwa da girmamawa, tare da sake miƙa ta'aziyya a madadin tawagar 'yan sa-kai masu karrama tsofaffin sojoji.

Na samu takardarki mai neman tabbaci. Ga tsarin da muka yi. Mutum biyu za su ɗage tuta daga kan akwati su naɗe ta sau goma sha uku, ni zan durƙusa in miƙa miki. Za a yi harbi uku sama. Bisa al'ada bindiga bakwai ne, amma uku muke da masu riƙewa, kuma na gaji da rubuta wa mutane ina roƙo. Za a ba ki kwanson harsashi uku bayan an gama.

Game da busar sallama, hankalinki ya kwanta. Reino Kangas zai tsaya a inda ya saba, taku talatin daga kabari. Begilar tana hannuna, na gwada ta, kuma zan sa mata sabon batir da safiyar ranar kamar yadda muka saba.

Naki cikin girmamawa,
Duane Pelkie
Shugaban tawaga

*

Green Bay, 22 ga Fabrairu

Reino,

Gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka garau.

Na tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni labarin rufi da safar hannu. Da na ga kana kwana-kwana sai na rubuta wa Duane. Shi kuma bawan Allah ya ce zai sa wa begila sabon batir "kamar yadda muka saba".

Begilar da Baba ya saya maka kana ɗan shekara sha biyu, wadda ka hana mu barcin rana da ita har ka girma, yaushe ta fara cin batir? Shekarata tamanin da biyu, ban fara ruɗewa ba tukuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ma san iyakar abin da ya kamata in ɓata rai a kansa ba. Ka gaya mini gaskiya, ban da labarin ƙanƙara.

Yayarka,
Aili

*

5 ga Maris

Yaya Aili,

Na gaishe ki. Na je na same Duane a ɗakin taronmu na ce masa, "Kai dai bakinka ba ya riƙe ko ruwa." Ya ce, "To ni na san ba ta sani ba?" Shi ke nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna shekara uku da suka wuce da aka cire mini haƙoran sama aka sa na roba. Tun daga nan leɓena ya ƙi. Busar nan sauti ashirin da huɗu ce kacal, amma akwai wani can kusa da ƙarshe da ake hawa sama, in na kai gare shi sai iska ta fito ta gefen baki. Na je na ce wa Duane na ajiye. Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Ga wannan. Daga ni sai kai." Begila ce sak, da na'ura a cusa cikin bakinta. Ka danna, ka ƙirga biyar, ka kai baki.

Kabari saba'in da ɗaya na yi haka. Na koyi jan numfashi a inda na'urar ke tsayawa. Matan mamata suna zuwa su riƙe hannuna biyu su ce, "Mun gode da aka samu mutum na gaske." Waino kuwa yana gefe yana buga ƙirji, "Mu nan ba ma wasa da rediyo, surukina ne da kansa." Kullum ya faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun da wasiƙarki ta farko ta zo nake shiga ɗakin wankan tururi da tsohuwar begilata, in rufe ƙofa, in yi ta gwadawa har leɓe ya fashe. Ba ta fitowa, Yaya. In na busa da bakina ranar, garin nan kaf zai taru, kuma duk wanda ke da kunne zai gane abin da aka yi wa mijinta ko ubansa shekara uku. In na danna maɓalli, na ci amanar Waino a kan kabarinsa. Gaba kura, baya sayaki.

Tunda ya tafi bai sani ba, ki bar kaza cikin gashinta.

Ƙanenki,
Reino

*

Green Bay, 14 ga Maris

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi fushi, na ji tausayinka, na sake yin fushi.

Sai na sa Marlys ta kira mini Duane don in wanke shi tas. Ina cikin faɗa ya ce, "Uwargida, tsaya. Wa kike tsammani ya sayo abin?" Na ce wa. Ya ce, "Mijinki. Shi ya kawo akwatin da hannunsa. Ya ce mini, 'Reino ba zai iya rayuwa ba in ba ya tsayawa a maƙabarta, kuma ba zai karɓa daga hannuna ba, girman kai zai kashe shi. Ka ba shi, ka ce daga kai sai shi.'" Na ce to buga ƙirjin fa? Ya ce, "Don kada kowa ya matso ya leƙa ne."

Ka ji mutumin da na zauna da shi shekara hamsin da tara. Ni ma bai gaya mini ba.

Saboda haka lokacin da ya sa na rubuta maganar nan, ya san halin da bakinka yake ciki sarai. Ba busa mai daɗi ya nema ba. Ban san me ya sa ya rufa maka asiri shekara uku sannan ya zo ya ɗora maka wannan ba, kuma ba shi nan balle in tambaye shi. Ni dai saƙo aka ba ni, na isar. Ba zan sake roƙonka ba.

Yayarka,
Aili

*

29 ga Afrilu

Yaya Aili,

Na gaishe ki. Ki yi haƙuri da shirun, ban da abin faɗa ne sai zagi, kuma ba a zagin mamaci.

Shekara uku yana kallona ina kumbura kumatu kamar kwaɗo, yana dariya a cikinsa. Yanzu ya kwanta abinsa ya bar ni da mutanen gari. Har gobe ina jin haushinsa. Duane ya ce in yi tunanin sunan tawaga, wai in maganar ta fita iyalai za su daina kiranmu. Na ce masa da ka yi wannan tunanin kafin ka rubuta batir.

Ƙasa ta fara saki, an buɗe hanyar maƙabarta. Na goge takalmina. Begila biyu zan sa a mota, ban san wadda zan fito da ita ba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Reino

*

19 ga Mayu

Ƙanena Reino,

Gaisuwa. Ka gudu ba ka tsaya cin abinci a coci ba, ka kuma kulle ƙofarka, don haka zan tura wannan ta ƙarƙashinta.

Tsohuwar begilarka ka fito da ita, kuma busar, muni dai ta yi muni. Ka fara da rawar murya, ka kai wurin hawan nan iska ta fito, ka tsaya, ka sake, ta sake ƙi, ka ƙarasa a haka. Duane ya ƙame ya sara, bai sauke hannunsa daga goshi ba har ka gama. Tun Janairu ban yi wa Waino kuka ba sai a wurin da numfashinka ya yanke. Na gode.

Mutane sun gane, ba zan ɓoye maka ba. Irene, matar marigayi Arvo Lahti da kuka binne bara, ta tare ni a bakin mota. Ta ce, "Ashe mu na'ura aka yi wa." Ta daɗe tana kallon kabarin, sannan ta ce in gaya maka za ta je wurin Arvo ranar Lahadi bayan sujada, ka zo da tsohuwar begilarka. Irin busar da Waino ya samu take so.

Yayarka,
Aili